Ƙuncin Hanyar Laka: Abin Da Ke Hana Tsofaffinmu Tafiya

Jawabin da wani ma'aikacin lafiya ya gabatar wa dattawa, shugabannin Zumuntar Mata da membobin ikilisiyoyin yankin Bagudo

 

An ce in yi magana a kan ciwon baya. Ciwon baya iri-iri ne, yini guda ba zai ishe mu ba. Saboda haka na zaɓi guda ɗaya wanda ya fi kama masu shekaru, wanda kuma ya fi jawo wa mai shi rashin fahimta a gida da cikin jama'a. Likitoci suna kiransa ƙuncin hanyar laka.

Kowa a nan ya san irin wannan tsoho. Zai duƙa da fartanya a gona tun safe har rana ta take, bai ce komai ba. Zai hau keke ya je kasuwar wani gari ya dawo. Amma a ce ya taka da ƙafa daga gida zuwa majami'a, sai ya zauna sau biyu ko uku a hanya. A tashi tsaye don waƙa, kafin a kai baiti na uku ya nemi benci. Sai a fara magana ƙasa-ƙasa. Wasu su ce ƙiwuya ce, wasu su ce zuciyarsa ta yi sanyi ga al'amuran ikilisiya, wasu ma su ce hannu aka sa masa. Abin da nake so mu tafi da shi yau shi ne, wannan tsoho gaskiya yake faɗi. Ciwonsa sananne ne, an san dalilinsa, akwai kuma abin da shi da mu za mu iya yi.

YADDA BAYA YAKE

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an ɗora wani bisa wani: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 na ƙasa kuwa yawancinsu sun haɗe da juna. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai laushi, kamar gammo, yana shanye nauyi da girgiza. Kowane ƙashi yana da rami a bayansa. Da aka jera su, sai ramukan suka zama doguwar hanya kamar bututu, tun daga ƙeya har ƙasa. A cikin wannan hanya laka take.

A jikin babban mutum laka takan ƙare a wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. Daga nan zuwa ƙasa sai damin jijiyoyi, wanda masana suka laƙaba wa suna wutsiyar doki saboda kamanninsa. Waɗannan jijiyoyi su ne suke kai saƙo ga cinya, sha-raɓa da tafin ƙafa. Su ne kuma suke riƙe fitsari da bayan gida. Hanyar da suke bi faɗinta bai fi kaurin yatsa ba, don haka ɗan abu kaɗan ya isa ya matse su.

ME KE KAWO ƘUNCIN?

Akwai waɗanda aka haifa da hanyar a ƙuntace, amma ba su da yawa. Ga yawancin mutane shekaru ne da aikin ƙarfi suke kawo shi sannu a hankali, ya kuma fi bayyana bayan shekara 50 zuwa 60. Abu huɗu ne sukan haɗu.

Na ɗaya, faifan guringuntsi yakan bushe, ya lotse, ya bultso baya zuwa cikin hanyar. Na biyu, ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙasusuwan ta baya sukan cinye, sai jiki ya tsirar da ƙarin ƙashi a gefensu. Na uku, akwai wata igiyar tsoka mai launin rawaya da ta shimfiɗu a bangon baya na hanyar. Da tsufa takan yi kauri, ta kuma naɗe ciki. Na huɗu, wani lokaci ƙashi ɗaya yakan zame gaba a kan ɗan'uwansa, wannan kuwa ya fi samun mata. Wurin da abin ya fi faruwa shi ne tsakanin ƙashin ƙugu na 4 da na 5.

Wanda ya fito da wannan ciwo fili shi ne wani likitan tiyatar jijiyoyi ɗan ƙasar Holan mai suna Henk Verbiest, cikin rubutun da ya yi a 1954. Shi ne kuma daga baya ya nuna cewa idan zurfin hanyar ya gaza milimita 10, ƙuncin ya tabbata. Wani bita da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 100 ne suke da wannan ciwo a duniya. Kun ga yana kama Bature da bai taɓa riƙe garma ba, yana kama manomin shinkafa a fadamar Kwara. Ba sai wani ya yi jifa ba.

DON ME DUƘAWA TAKE KAWO SAUƘI?

A nan ne sirrin abin yake, don haka ku ba ni hankalinku. Faɗin hanyar laka yana canzawa da yadda mutum ya tsaya. Idan ka miƙe sosai, ko ka gantsare, igiyar nan mai rawaya takan tattare ciki, ƙasusuwa su matso juna, hanyar ta ƙara ƙuncewa. Idan ka duƙa ko ka zauna, igiyar takan miƙe, hanyar ta ɗan buɗe. Ga shi kuma lokacin tafiya jijiyoyi suna bukatar jini fiye da lokacin hutu. Idan an matse su, jinin ba ya gudana yadda ya kamata, sai su fara kuka.

Kukan nasu shi ne abin da mai ciwon yake ji: nauyi a ɗuwawu da cinya, zafi yana gangarawa zuwa sha-raɓa, sagewa, jin kamar tururuwa na bin ƙafa, ko kamar ana taka auduga. Sau da yawa ƙafafu biyu ne, ko da yake ɗaya takan fi. Ya zauna minti kaɗan, sai abin ya lafa, ya tashi ya ci gaba, can gaba ya sake dawowa.

Da wannan za ku gane abubuwan da suke ba mutane mamaki. Mai noma da fartanya a duƙe yake, mai keke ma haka. Mai tura baro ko amalanke yana jingine gaba, shi ya sa yakan yi nisa fiye da in yana tafiya hannu sake. Hawan tudu yakan fi masa sauƙi a kan gangara, domin mai hawa yana sunkuyawa, mai gangara yana gantsarewa. Ita kuwa uwar da ta ɗora tulu ko damin itace a ka, dole ta tsaya cak a miƙe, nan da nan ƙafa ta ɗauka. Tsayuwa wuri ɗaya, kamar a bakin kabari ko lokacin doguwar addu'a, takan fi tafiya ma wahala. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan tsoho ya ce ba zai iya tsayuwa ba, mu yarda da shi.

CUTUTTUKAN DA SUKA YI KAMA DA SHI

Ba duk ƙafar da ta gaji ce ƙuncin laka ba. Akwai guda huɗu da ya kamata a bambance, domin maganinsu daban ne.

Na farko, toshewar hanyoyin jini na ƙafa, wadda ta fi kama masu shan taba da masu ciwon suga. Shi ma yana kawo ciwon sha-raɓa lokacin tafiya. Bambancin shi ne, mai wannan ciwo in ya tsaya cik a miƙe, ciwon ya tafi, ba sai ya zauna ba. Keke ma yana tayar masa da shi. Ƙafarsa takan yi sanyi, rauni kuma ya daɗe bai warke ba.

Na biyu, lalacewar jijiyoyi saboda ciwon suga. Wannan yakan fara daga yatsun ƙafa, da zafi kamar barkono, ya fi tsanani da dare, ko mutum yana kwance.

Na uku, ciwon gaɓar kwatangwalo ko gwiwa, wanda muke cewa sanyin ƙashi.

Na huɗu, wanda ya fi damuna a yankinmu, shi ne tarin fuka na ƙashin baya. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi tun 1779, har yau kuma yana nan a ƙauyukanmu. Yana kama yaro da babba. Alamunsa ciwon baya da ba ya lafawa ko an kwanta, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, daga baya ƙusumbi ya fito. Mutum yana iya kamuwa da shi ba tare da yana tari ba. Yana warkewa da magani, maganin tarin fuka kuwa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya. Jinkiri ne yake kai mutum ga shanyewar ƙafafu.

Akwai kuma ƙunci irin wannan a wuya, inda laka kanta take. Shi alamarsa daban ce: tafiya da tangaɗi, hannu ya kasa ɓalla maɓalli ko riƙe cokali, abu ya riƙa suɓucewa. Wannan ba a zama da shi a gida.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Dattawa, wannan sashe nake roƙo ku karanta wa jama'a idan kun koma. Duk mai ciwon baya da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota a ranar:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba da saninsa ba, ko ya kasa riƙe bayan gida.
2. Sagewa a tsakanin cinyoyi, al'aura da dubura, wato inda jiki yake taɓa sirdi.
3. Ƙafa tana rasa ƙarfi cikin kwanaki, ko tafin ƙafa yana jan ƙasa.
4. Ciwon baya tare da zazzaɓi, gumin dare ko rama.
5. Sabon ciwon baya ga wanda aka taɓa samu da ciwon daji, ko bayan faɗuwa daga babur ko itace.

Biyun farko suna nuna cewa wutsiyar dokin nan ta matsu ƙwarai. Ba kasafai hakan yake faruwa ba, amma in ya faru ana lissafi ne da awoyi. Idan aka yi tiyata da wuri ana iya ceto mafitsara da ƙafafu. In an makara, lahanin yakan zauna. Na san maganar fitsari da al'aura tana da nauyi a bakin babba. Uba ba zai gaya wa 'yarsa ba, uwa ba za ta gaya wa ɗanta ba. Saboda haka dattijo ya tambayi dattijo ɗan'uwansa, shugabar mata ta tambayi mace, a keɓe. Kada kunya ta ci mana mutum.

SHIN GURGUNTA CE ƘARSHENSA?

Wannan ce tambayar da take hana mutane barci. Amsar tana da daɗin ji. Bitar 2022 da na ambata ta nuna cewa cikin waɗanda aka bi har wajen shekara 3 ba tare da tiyata ba, kusan kashi ɗaya cikin uku sun ce sun sami sauƙi, wajen rabi suna nan yadda suke, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne ciwonsu ya ƙaru. Ƙuncin ƙugu da tsufa ya kawo da wuya ya kai mutum ga shanyewa gaba ɗaya.

Abin da ya fi kwantar da tsofaffinmu shi ne zama. Mutum ya ji tsoro ya daina fita, tsoka ta saki, jiki ya yi nauyi, suga da hawan jini su samu ƙofa, kaɗaici ya biyo baya. Bayan shekara guda ya kasa zuwa ko bakin zaure, alhali hanyar lakarsa ba ta ƙara ƙuncewa ba.

ABIN DA MAI CIWON ZAI YI

Ya ci gaba da tafiya, amma a gutsure. Ya lura da nisan da yake kaiwa kafin ƙafa ta ɗauka, ko taku 100 ne ko 300. Ya riƙa zama kafin ya kai wannan iyaka, ya huta, ya tashi ya ƙara. Ya yi haka kullum, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Ya riƙe sanda ba tare da jin kunya ba, domin tana ba shi damar ɗan sunkuyawa, tana kuma tsare shi daga faɗuwa. Mai keke kada ya ajiye kekensa, muddin ba ya jiri kuma ƙafarsa tana da ƙarfin taka ƙasa. Safe da yamma ya kwanta rigingine a tabarma, ya jawo gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ya riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, ya saki, ya maimaita sau biyar. In ciwo ya kama shi a hanya babu wurin zama, ya tsuguna ko ya dafa gwiwoyinsa. Da dare ya kwanta ta gefe da gwiwa a lanƙwashe. Mai ƙiba ya rage, mai taba ya bari. Ɗaukar kaya a ka kuwa a bar wa yara.

Game da magani, ina da gargaɗi. Farasitamol da magungunan kumburi irin su ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi, amma ba sa buɗe hanyar da ta ƙuntata. Shan na kumburin kullum yana jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda, yana tayar da hawan jini, musamman ga tsoho. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kyamis ko a tire a kasuwa sau da yawa yana ɗauke da irin waɗannan biyu ko uku a haɗe, har da wanda yake kumbura fuska, ya tayar da suga, ya rage ƙarfin ƙashi. Taramol kuwa, wanda kun san yadda yake yawo a garuruwan kan iyaka, yana kama jiki ya zama jaraba, yana sa jiri da faɗuwa, har da farfaɗiya. Kada jika ya sayo wa kaka shi da sunan tausayi.

Tsaga, ƙaho da sakiya a fata suke tsayawa, matsalar kuwa tana can cikin ƙashi. Ga mai ciwon suga, raunin sakiya yana iya zama gyambon da ba ya warkewa. Maɗori yana da aikinsa, amma kada a bari a taka ko a murɗe bayan tsoho. Allurar da ake yi a cikin baya ma, wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna cewa ƙara mata maganin kumburi bai kawo wani bambanci mai yawa ba bayan mako 6. Kada a sayar da sa saboda ita.

ASIBITI DA TIYATA

A fara da asibitin da ke kusa. A auna suga da hawan jini, a taɓa bugun jini a ƙafa, a gwada ƙarfin ƙafa da jinta. Ka gaya wa likita abu uku: nisan da kake iya tafiya, inda ciwon yake sauka, da abin da ke kawo sauƙi. Wannan bayani ya kai rabin bincike. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna ƙashi kawai. Wanda yake nuna jijiyoyi shi ne hoton MRI, yana da tsada, sai a manyan asibitoci. Ku sani kuma, tsofaffi da yawa hotonsu yakan nuna ƙunci alhali lafiyarsu lau. Don haka ba a yi wa hoto tiyata, mutum ake dubawa.

Idan abin ya fi ƙarfin asibitin gida, akan tura mutum Birnin Kebbi, inda akwai asibitin tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, da masu gashin ƙashi da za su koya masa motsa jiki. Don tiyatar laka akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. 'Yan'uwanmu na ɓangaren Segbana a Jamhuriyar Benin suna da asibitin koyarwa a Paraku. Ko ina za a je, a riƙe takardar turawa da duk hotunan da aka taɓa ɗauka.

Tiyatar ita ce a cire ɗan ɓangaren ƙashi da igiyar da ta yi kauri, don jijiyoyi su sami sarari. Ana shawartarta ga wanda ya yi watanni yana bin sauran hanyoyi amma tafiya ta gagara, ko ƙafa tana rasa ƙarfi. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi a shekarun farko, ko da yake da aka bi su har shekara 8 tazarar ta ragu. Wani gwaji na 2015 kuma ya sami sakamako kusan ɗaya bayan shekara 2 tsakanin waɗanda aka tura tiyata da waɗanda aka fara da motsa jiki a hannun ƙwararru. Tiyata ta fi gyara ciwon ƙafa a kan ciwon bayan kansa, tana kuma da haɗarinta kamar kowane aiki. In babu alamun gaggawa, akwai lokacin yin shawara da neman ra'ayin likita na biyu.

ABIN DA IKILISIYA ZA TA YI

Yawancin ikilisiyoyinmu ƙanana ne, sun yi nisa da juna, wasu membobi sukan taka doguwar hanya kafin su iso. Idan dattijo ɗaya ya daina zuwa, gurbinsa a fili yake. Ga abin da nake ba da shawara, kusan duk ba ya cin kuɗi.

Mai jagorar sujada ya riƙa faɗa da bakinsa cewa wanda tsayuwa take wa wuya ya zauna. In daga bagadi maganar ta fito, kunya ta kau. A samar da kujeru masu majingina kusa da ƙofa. A kai wa tsofaffi kwanon baiko da Jibin Ubangiji inda suke zaune. A wurin jana'iza da biki, matasa su riƙa tafiya da kujeru. A ajiye kututture ko benci a inuwa a kan hanyar da tsofaffi suke bi. Masu babur su raba tsofaffin unguwa a tsakaninsu ranar Lahadi, a tafi da su a hankali saboda gargada. Zumuntar Mata ta duba gwaurayen da har yanzu suke ɗebo ruwa da itace da kansu. Majalisar dattawa ta ware ɗan asusu na kuɗin mota don ranar gaggawa, domin ba a fara karo-karo lokacin da fitsari ya riga ya tsaya. A kuma tambaya a asibiti game da shirin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kebbi da abin da yake ɗauka.

Abu na ƙarshe ya shafi harshe. Zargin jifa ya raba gidaje da yawa, ya sa an ɗora wa kishiya ko maƙwabci laifin abin da shekaru suka kawo. Mu yi wa mara lafiya addu'a, mu kuma kai shi a duba shi. Wanda ya daina zuwa sujada, kafin a aika masa da gargaɗi, a je a tambaye shi ko ƙafa ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kowane dattijo, idan ya koma, ya rubuta sunayen tsofaffin da suka rage fitowa cikin shekarar nan, ya ziyarce su ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu tambayoyi uku: Nisan me kike iya tafiya, Mama? In kin zauna yana lafawa? Fitsari lafiya? Amsar za ta nuna masa wanda yake bukatar kujera da sanda, da wanda yake bukatar mota.

 Ubangiji ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.